Tukwanen da Kawu Ya Kai Inuwa

A duk ma'aikatan cibiyar binciken iri babu wanda ya kai Kawu daɗewa, babu kuma wanda ya kai shi ƙarancin takarda. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ban-ruwa, yana haɗa ƙasa da taki, yana wanke tukwanen roba, yana ƙona abin da aka ce a ƙona a tanderun da ke bayan sito. Shugabanni shida suka zo suka tafi a kan idonsa, kowanne ya same shi da butar ban-ruwa a hannu, ya kuma bar shi da ita. Ba kawun kowa ba ne a wurin, amma daga mai gadi har shugaba haka suke kiransa, sunansa na yanka kuwa sai a takardar ɗaukar aiki.

Mutum ne gajere, mai faɗin tafin hannu, wanda bai iya wuce shukar da ta yi yaushi ba. Gidansa ciki biyu ne da ɗan tsakar gida, amma ba za ka taka ƙafa uku ba ka yi karo da gwangwanin madara ko tsohon bokiti da wani abu ke tsiro a ciki ba. Duk tsintuwa ce: wadda aka yar a bakin kwata, wadda akuya ta cinye rabinta, wadda maƙwabta suka tashi suka bari. Matarsa mai ɗinki ce, kuma tun tana faɗa har ta gaji ta koma tsokana. In ta ga ya shigo rungume da wani sabon gwangwani sai ta ɗaga ƙafa daga kan keken ta ce, "Likitan ganye, yau kuma wa aka kwantar?" Shi kuma ya yi kamar bai ji ba, ya je ya nema wa baƙon gurbi a gindin katanga.

Halin nan gadonsa ya yi. Mahaifinsa mai lambun tumatir ne a bakin rafi, kuma magana ɗaya ya bar masa wadda ta zauna: "Shuka ba ta da ƙafa, kai ne ƙafarta. In rana ta matsa mata ba ta da inda za ta gudu." Kawu yana ɗan shekara ashirin bazara ta zo musu da wuri, daidai lokacin da tumatir ya ɗauki fure. Suka kakkafa rassa, suka shimfiɗa tsofaffin buhuna a kai, suka yi ta jidon ruwa daga rafi har kafaɗunsu suka saɓule. Ganye ya tsira, amma furen nan kaf ya zube, ƙasa ta yi rawaya da shi. In ba fure ba 'ya'ya, wannan ko yaro ya sani. Tsohon ya zauna a bakin lambun yana kallon ganye kore shar da ba zai haifi komai ba, kuma daga wannan shekarar bai sake noma da zuciya ɗaya ba har ya rasu. Kawu bai cika ba da wannan labari ba, amma duk bazara sai ya dawo masa.

Dakta ta zo cibiyar shekara bakwai kafin abin da zan faɗa ya faru. Sa'ar babbar 'yarsa ce, siririya, mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ke manta abincinta a mota har ya lalace. Ita ke aikin tumatir mai jure zafi. Wata rana yana wanke tukwane ta tsaya ta yi masa bayani a tsaitsaye.

"Kawu, ka san ciyawar nan ta daji da ba ta bushewa ko rana ta kai ina?"

"Na santa, Dakta. Ba ta da amfani, ko akuya ba ta ci."

"To a cikin jikinta akwai wata 'yar ƙwayar gado da ke tsare mata furenta daga zafi. Ita na ciro na sa a cikin irin tumatir. In Allah ya yarda, zafi zai zo fure ya ƙi zuba."

Kawu ya ajiye tukunyar da ke hannunsa. Bai fahimci yadda ake ciro abin da ido ba ya gani a sa shi cikin wani abu ba, bai kuma yi ƙaryar ya fahimta ba. Amma "fure ya ƙi zuba" ya shige shi har ƙashi. Daga ranar ya ɗauki aikin yarinyar nan kamar nasa.

Da shekara ta bakwai ta zo aka shirya babban gwaji a ɗakin gilashi. Tukwane sittin, talatin na sabon iri, talatin na gida wanda ba a taɓa shi ba. Aka cakuɗa su a kan tebura, babu alamar da za ta nuna wanne ne wanne sai lamba a jikin kowace tukunya, sirrin lambobin kuma yana cikin littafin Dakta a kulle. Ta zana wa kowace tukunya da'ira da alli a inda za ta zauna. Ta ba shi kofin awo: biyu da safe, biyu da yamma, kada a ƙara ko ɗigo. Daga sha ɗaya zuwa ƙarfe uku a rufe tagogi ruf, zafi ya taru.

"Kuma don Allah, Kawu, kada a taɓa su. Duk abin da ka gani ka bar su."

"An gama, Dakta."

Abin da ta faɗa ke nan, ba ta ƙara ba. Masu ilimi suna da wannan ɗabi'a, su ba ka umarni su riƙe dalili a aljihu, kamar dalilin zai ƙare in an raba. Ita a ganinta abu ne a fili: sai na gida sun sha wuya sun zubar da fure sannan za a gane ko sabon irin ya fi su. Shi kuwa Kawu a nasa ganin, shukar da ta mutu a hannun mai lambu abin kunya ce, kuma in tukwanen Dakta suka mace, aikinta ne ya mutu.

Kwana uku ya daure. A kwana na huɗu da tsakar rana ya shiga ɗakin, zafi ya mare shi a fuska, ya ga lamba sha bakwai ta sunkuyar da kai, ganyenta ya nannaɗe, fure biyu a ƙasa. Ya tsaya a kanta ya daɗe. Dakta tana koyarwa daga sha biyu zuwa biyu, ba mai shigowa. A bayan ɗakin akwai wani lungu mai rufin siminti inda ake jibge buhunan taki, mai sanyi, kuma yana cikin shingen da aka kewaye da raga. Dokar da ta hana fita da ko ganye ɗaya waje Kawu ya riƙe ta gam, bai taɓa karya ta ba. Ya ce a ransa ai lungun ma ciki ne. Ya rungumi sha bakwai ya kai ta inuwa, biyu saura kwata ya dawo da ita ya ɗora ta daidai kan da'irarta, lambar tana kallon inda take kallo da.

Washegari suka zama uku. Kafin mako ya zagayo sai da ya nemo baro. Bai san wanne ne sabon iri wanne ne na gida ba, bai ma damu ya sani ba. Wadda ya ga ta galabaita ita yake ɗauka. Sauran da suka tsaya da ƙafarsu ya bar su. Haka ya yi ta yi kwana ashirin da shida, yana jiƙe sharkaf da gumi, yana komawa gida da ciwon baya da farin ciki. In Dakta ta shigo da yamma ta ga duk ɗakin kore da fure, sai ya ga ta ɓata rai, ya ɗauka gajiya ce.

Da aka gama aka ƙirga 'ya'yan kowace tukunya, aka buɗe littafi. Sabon iri ya yi kyau, na gida ma ya yi kyau, tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Kwamitin cibiya ya zauna ya ce shekara bakwai ta isa, ƙwayar gadon nan ba ta aiki. Doka kuma ta ce irin da aka yi wa gyara, in an rufe bincikensa, ba a ajiye shi, ƙonawa ake yi, da shukar da 'ya'yan da ƙwayar da ke cikin firji.

Ranar Talata da yamma Dakta ta same shi yana naɗe tiyo. Idonta ya yi ja amma muryarta a daidaice.

"Kawu, jibi da safe ka hura tanderu. Za mu ƙona na ɗakin gilashi duka, da irin da ke firji."

"A ƙona? Dakta, ai sun yi kyau. Ko ɗaya ba ta mutu ba."

"Shi ne matsalar. Da na gida sun zubar da fure, sabon ya riƙe nasa, da mun ci nasara. To na gida ma ba su zubar ba. Ka ga ke nan abin da na sa bai ƙara komai ba." Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ni dai abin da ya ɗaure min kai, zafin da ma'auni ya nuna ya isa ya kakkaɓe furen na gida tas. Ban san yadda suka tsira ba."

Ta wuce da saurinta. Kawu ya tsaya da tiyo a hannu, ruwa yana zuba a kan takalminsa bai sani ba. Sai a lokacin ya gane me aka rufe tagogi domin sa, ya gane me "ka bar su" ke nufi. Garin neman gira ya tsone ido, kuma idon ba nasa ba.

Ya isa gida rana ba ta faɗi ba. Bai duba gwangwani ko ɗaya ba, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki. Matarsa ta dube shi sau biyu ta kan keken, sannan ta tsayar da ɗinkin.

"Malam, lafiya? Marasa lafiyarka suna ta jiranka."

Ya faɗa mata komai, tun daga sha bakwai har baro. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ɗauki almakashi ta yanke zare, ta ce, "Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"To in ka yi shiru?"

"In na yi shiru jibi in hura wuta in zuba shekara bakwai ta yarinyar nan a ciki da hannuna. Kuma wataƙila irin yana da kyau. Wataƙila shi ne wanda da baba ya samu..." Bai ƙarasa ba.

"In ka faɗa kuma?"

"Su ce tsohon banza ya ɓata musu aiki. Saura shekara biyu in ajiye aiki, ban taɓa karɓar ko harara ba."

Ta naɗe rigar da take ɗinkawa ta ajiye a gefe. "Ni shekara talatin ina kallonka kana kwaso abin da mutane suka yar don kada ya mutu. Ban ga ranar da za ka iya ƙona wannan ka dawo ka ci abinci ba. Kai ma ka sani, so kake kawai wani ya faɗa maka. Ka je gobe, ka sa rigarka mai kyau."

Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana saurayi. Ba korar ce ta fi damunsa ba, fuskar Dakta ce. Duk da haka da safe ya sa rigar, ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishinta, wurin da a shekara bakwai bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Ta nuna masa kujera ya ƙi zama. Ya cire hula ya riƙe, ya faɗa mata a tsaye.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce a hankali, "Kwana nawa?"

"Ashirin da shida, ranki ya daɗe."

"Na ce kada a taɓa su, Kawu. Da bakina na faɗa maka."

"Kin faɗa. Na ji, na kuma saɓa. Na ɗauka taimakonki nake yi."

Ta tashi ta je taga ta juya masa baya. Ya ga kafaɗunta suna motsi, bai san ko kuka ne ko fushi ba, ya dai sunkuyar da kai ya jira abin da zai zo. Da ta juyo fuskarta a jiƙe take, amma wani tunani ya riga ya shiga idonta.

"Ka ce ba duka kake ɗauka ba?"

"A'a. Waɗanda suka galabaita kawai."

"Za ka iya tuna su?"

Tambayar ta ba shi mamaki. Wa zai manta abin da ya runguma kwana ashirin da shida? Ya fara jerowa: sha bakwai, huɗu, talatin da takwas, tara, hamsin da biyu. Ta jawo aljihun tebur da sauri ta fito da littafin, ta ce ya dakata ya sake daga farko. Yana faɗa tana bin layi da biro tana sa alama. Tukwane ashirin da uku ya lissafa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya gama ta daɗe tana kallon shafin.

"Ashirin da biyu na gida ne," ta ce. "Ɗaya ce kawai ta sabon iri, arba'in da ɗaya."

"Arba'in da ɗaya ba zafi ne ya dame ta ba, Dakta. Tsutsa ce ta ci mata saiwa, na tone na cire."

Dariya ta kuɓuce mata tana share ido da bayan hannu. Ta zauna daɓas. Sabon irin nan ashirin da tara sun sha ranar kwana ashirin da shida ba wanda ya kai su inuwa, kuma ba su ba Kawu dalilin ya tausaya musu ba. Amma ta ɗaga masa hannu tun kafin ya yi murna.

"Wannan ba hujja ba ce. Ba wanda zai karɓi gwajin da aka yi ta yawo da shi a baro. Abin da zai iya yi kawai, ya hana a hura tanderu gobe. Sai mun sake daga farko, shekara guda ta tafi." Ta rufe littafin. "Ni ma da laifina. Na gaya maka abin da za ka yi, ban gaya maka dalili ba, kamar kai tiyo ne. Ka yafe min wannan. Naka laifin kuma ban huce ba tukuna, kada ka ce na huce."

Tare suka je wurin shugaba, don Kawu ya ce ba za ta ɗauki kayansa a kanta ba. Aka ɗage ƙonawar, aka ba ta bazara ɗaya. Shi kuma aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a shekara talatin da ɗaya. Ya kai gida, matarsa ta sa aka karanta mata, ta linke ta huɗu ta sa a ƙasan akwatin zare. Shugaba ya so a ba wani kula da gwajin na biyu, Dakta ce ta ƙi. Ta ce mutumin da ke gane shuka ta galabaita kwana biyu kafin ma'auninta ya nuna, ba za ta sake shi ba.

Da bazara ta zagayo aka jera sababbin tukwane sittin a kan sababbin da'irori. Kawu da kansa ya tura baro ya kai wa mai gadi, ya ce a kulle kada a ba shi ko ya roƙa, domin hali zanen dutse ne, kuma ya san hannunsa. Dakta ta ƙara masa aiki: kullum ƙarfe uku ya tsince furen da ya zube a gindin kowace tukunya, ya ƙirga, ya faɗa mata.

Wannan ne aiki mafi wuya da ya taɓa yi, kuma yawancinsa zama ne. Sha ɗaya ya rufe tagogi, ya kifa bokiti a bakin ƙofa ya zauna, ya matse hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Ta cikin gilashi yana ganinsu ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa. A kwana na biyar lamba takwas ta nannaɗe ganye kamar yadda sha bakwai ta yi bara, ya miƙe har ya kama hannun ƙofa, sannan ya koma ya zauna. Matarsa ta ce a watan nan ko gwangwani ɗaya bai kawo gida ba, abinci ma sai ta yi da gaske.

A kwana na sha tara ya shiga da ƙarfe uku da 'yar tasarsa. Rabin ɗakin ƙasa ta yi rawaya, irin rawayar da ya gani a bakin rafi yana ɗan shekara ashirin. Amma a tsakanin waɗanda suka zube akwai waɗanda gindinsu fes, furensu yana nan daram, wasu har sun ɗaura 'ya'ya kore ƙanana kamar ƙwayar wake. Dakta tana can ƙarshen tebur a durƙushe gaban ɗaya daga cikinsu, tana kiransa ya zo ya gani.

"Ina zuwa, Dakta," ya ce.

Ya fara tsayawa wurin lamba takwas. Ba sauran fure ko ɗaya a jikinta. Ya tsince na ƙasa a hankali ya zuba a tasa, sha ɗaya. Ya ɗauko kofin awo ya zuba mata biyu, daidai, bai ƙara ɗigo ba. Ya taɓa ganyenta da bayan yatsa.

"Ina da ƙafa, na kuma gan ki," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Ki yi haƙuri. Na baya ake nema wa irin da zai jure."

Sannan ya goge fuska da hularsa, ya ɗauki tasar ya nufi inda Dakta ke jiransa.